In Ka Je Ƙasar Zaitun, Ka Kai Iyalinka Matatsar Mai

 

Yau maganarmu za ta ƙetare Sahara ta sauka Tunusiya. Dalili kuwa, mutanenmu suna zuwa can. Wani fatauci ke kai shi, wani ɗansa ke karatu a Tunis, wani ya raka marar lafiya asibiti, aka samu sauƙi, kwana biyu ko uku suka rage kafin ranar jirgi. Akwai kuma ma'aikaci ko ɗan kasuwa wanda ya yi tanadi, ya ɗebi uwargida da yara domin hutu. In sun dawo ka tambaye su abin da suka gani, amsar ɗaya ce: teku da kasuwa. Tsarabarsu turare, darduma, da kwalbar man zaitun wadda ba su san inda aka tatse ta ba.

Ga ra'ayina. Duk wanda Allah ya kai shi ƙasar zaitun tare da iyalinsa, ya ware yini guda ya kai su gidan da ake tatsar mai. Wannan yini ya fi yinin kasuwa riba. Kai kuma da ba ka da niyyar tafiya ko'ina, kada ka aje takardar nan, domin abin da ake gani a can ya shafi buhun gujiyar da ke jingine a zaurenka.

Lokacin zuwa

Gidan tatsar mai, mutanen Tunusiya suna ce masa ma'asara. Mu sai mu ce matatsa. Akwai irinta fiye da 1,500 a ƙasar, amma ba duk shekara suke aiki ba. Kakar zaitun tana kamawa ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyinsu. In ka je cikin babban hutun ƴan lakwal, daga Yuli zuwa Satumba, za ka tarar da injuna a kashe, an wanke an rufe, sai dai a yi maka bayani da baki. Hutun ƙarshen Disamba shi ne daidai. A lokacin mu ma mun gama kaka, hatsi yana rumbu, mai gida ba shi da uzurin gona. Ka ɗauki rigunan sanyi ga yara, don sanyin can yana zuwa da ruwan sama.

In kana da zaɓi, ka nufi Sfaks. Birni ne a bakin teku, wajen kilomita 270 kudu da Tunis, kuma shi ne cibiyar man zaitun ta ƙasar. Jirgin ƙasa yana zuwa, mota ma haka. A kan hanya, bayan an wuce Susa, akwai wani gari da ake kira Aljam. Nan za ku ga wani ƙaton ginin dutse, zagayayye, filin wasa ne na Rumawan dā, wanda aka gina a ƙarni na 3 bayan haihuwar Annabi Isa, mai cin mutum wajen 30,000. Ka tsaya ka nuna wa yara, ka faɗa musu cewa arzikin da ya ɗaga garin nan har ya yi wannan gini, man zaitun na cikin tushensa. Yaro ya san tun daga nan cewa mai ba ƙaramin abu ba ne.

Gonar da ka ratsa kafin ka isa

Kada ka bar yara su yi barci a mota. Darasi yana farawa tun daga taga. Kusan hekta miliyan 2 na ƙasar Tunusiya zaitun ne, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙasar da suke nomawa. A kewayen Sfaks za ka ga itatuwa a jere, layi bayan layi, har iyakar ganinka. Abin da zai ba ka mamaki shi ne tazarar da ke tsakaninsu: mita 24 daga wannan icce zuwa wancan, icce 17 kacal cikin hekta guda. Manominmu zai ce an ɓata ƙasa. Ba a ɓata ba. Ruwan da Sfaks ke samu a shekara wajen milimita 200 ne, bai kai rabin abin da Maraɗi ke samu a damina ta ƙwarai ba. Kowane icce sai ya miƙa saiwarsa nesa kafin ya sha. Shi ya sa suke ba shi fili, suna kuma kaftar ƙasar da ke tsakani don kada haki ya raba ruwan da shi. Irin zaitun da ke jure wannan ƙishi sunansa shamlali. A arewacin ƙasar, inda ruwa ya fi yawa, wani iri ne, shatawi.

Can kudu, a duwatsun Matmata, suna tare kwari da ƙananan ganuwa na ƙasa da dutse, ruwan da ya gangaro ya tsaya, ya bar laka, su dasa zaitun a bayan ganuwar. Suna ce musu jusur. Mutumin Ilela ko Kaita da ya haƙa tassa da rabin wata ba ya bukatar tafinta a wurin nan. Da ya gani zai gane.

Yawancin gonakin Sfaks sun yaɗu ne tun daga shekarun 1890, ta hanyar wata yarjejeniya da ake kira mugarasa. Mai ƙasa ya ba da fili, manomi ya dasa, ya yi reno shekara goma ko fiye, ranar da itatuwa suka fara ba da amfani sai a raba gonar biyu. Ka bar wannan ya zauna a kunnen ɗanka: akwai mutanen da suka yi aikin shekara goma kafin su ga lita ɗaya, kuma jikokinsu suna cin iccen har yanzu.

In kun dace za ku tarar ana tsinka. An shimfiɗa ƙyalle ko raga ƙarƙashin icce, an kafa tsani, mata da maza suna taje rassa kamar mai taje gashi. Mutanen dā ƙahon tumaki ko na awaki suke sa wa yatsu uku, yanzu na roba sun yi yawa. Ka lura ba a son ɗiyan zaitun su taɓa ƙasa. Waɗanda suka faɗo da kansu tun kwanaki, ana tsince su dabam, ba a gama su da na sama.

A ƙofar matatsa

Kafin ku shiga, ka tsaya a fili ka dubi yadda kaya ke isowa. Nan ne ake samun mai ko a rasa shi. Ɗan zaitun ɗan icce ne mai ruwa a jiki, kamar mangwaro, ba busasshiyar ƙwaya ba ce. Daga sa'ar da aka tsinke shi ya fara lalacewa. Matatsa ta ƙwarai tana niƙa shi cikin yini ɗaya, in ya daɗe yini biyu. Wanda ya san aiki yana kawo nasa cikin akwatunan roba masu huji, iska na ratsawa. Wanda bai damu ba ya ɗura cikin buhun leda, ya ɗaure baki, ya jibge wani kan wani. In an ba ka izini, sa hannunka cikin buhun da ya kwana uku. Za ka ji ɗumi. Wannan ɗumin ruɓa ce ta kama, kuma babu injin da zai iya cire ta daga man.

Sai ka dubi sikeli. Kowane manomi ana auna kayansa a gabansa, a rubuta sunansa da nauyi, a ba shi layi. Da yawansu ba sa tafiya gida. Suna zaune a kan benci, da dare ma, suna shan shayi, suna jiran a zo kan nasu. In an zo, mai kaya ya tashi ya bi zaitun ɗinsa daga inji zuwa inji har ya ga man ya zubo cikin jarkarsa. Ya biya ladan niƙa bisa kilo, ya ɗauki abinsa. Wani kaso ya sayar, wani ya aje na cin gida har shekara ta zagayo. Wannan tanadin shekara suna ce masa aula. A ƙiyasi, kilo biyar na ɗiyan zaitun ke ba da lita ɗaya, wani lokaci ya fi, wani lokaci ya gaza, gwargwadon iri da nuna da ruwan shekara.

Cikin gida

Yanzu ku shiga, ka riƙe hannun ƙaramin, don akwai ƙara kuma daɓen yana da santsi. Aikin hawa biyar ne, kuma uwargida za ta gane kowane ɗaya kafin a yi mata bayani.

Na farko, iska mai ƙarfi tana busa ganye da ƙananan rassa ta fitar, kamar shiƙar hatsi. Na biyu, wanki da ruwa, don ƙasa da tsakuwa su fita. Na uku, niƙa. Ana niƙa ɗan zaitun duka, da fata da tsoka da ƙwallo. A tsofaffin matatsu manyan duwatsu ne ke birgima a kansa, a sababbi gudumomin ƙarfe ne ke juyawa cikin akwati. Na huɗu, kwaɓi. Markaɗen yana shiga wani dogon kwami, ana juya shi sannu a hankali wajen rabin awa ko fiye kaɗan, har ƙananan ɗigon mai su haɗu su zama manya, ka ga ya fara ƙyalli a sama. Duk macen da ta taɓa tuƙa markaɗen gujiya har mai ya taso ta san wannan ƙyalli.

A nan akwai abin tambaya. Ka ce a nuna maka ma'aunin zafi. In aka ɗumama markaɗen, mai ya fi fitowa da yawa, amma ƙamshi da amfaninsa su ragu. Domin haka dokar Turai ta ce ba a rubuta wa mai cewa an tatse shi da sanyi sai in zafin bai kai digiri 27 ba. Mai matatsa yana tsaye kullum tsakanin yawa da kyau, kuma allurar ma'aunin nan ita ke faɗa maka wanda ya zaɓa.

Na biyar, rabuwa. A tsohuwar hanya ana shafa markaɗen a kan faifai na saƙar ciyawa, a jera su kan juna, a danne da ƙarfi, mai da ruwa su tsiyaye. A sabuwar hanya ana tura shi cikin wani bututu mai juyawa da gudun tsiya. Abin da ya fi nauyi, wato tunkuza, ya manne a bango. Ruwa ya bi baya. Mai, da yake ya fi su sauƙi, ya taru a tsakiya ya fito ta bakinsa. Ba a sa masa wuta, ba a sa masa magani. Daga nan sai manyan tankuna na ƙarfe marar tsatsa, a rufe, cikin inuwa, saboda haske da zafi da iska su ne ke tsufar da mai.

In hanyarku ta kai tsibirin Jarba, ku nemi tsofaffin matatsu na ƙarƙashin ƙasa. An haƙa su ne don ɗumi, saboda mai ba ya son gudu cikin sanyi, kuma raƙumi ne ke juya dutsen. Ƴan'uwanmu da suka zauna Sudan sun ga irin wannan, raƙumi yana zagaya turmin riɗi. Yau wasu daga cikin na Jarba sun zama wurin kallo, amma yaro zai fi fahimtar inji in ya ga raƙumin da injin ya gada.

Ɗanɗano

A ƙarshe za a kawo muku burodi mai zafi da sabon mai, kore, bai gama kwantawa ba. Ka bar yara su dangwala. Za su yi tari, su ce yana da ɗaci, yana kartar maƙogwaro. Kada uwargida ta ce ya lalace. Ɗacin nan da yajin nan alama ce ta sabon mai daga ɗiyan da ba su ruɓe ba, kuma abubuwan da ke kawo su su ne ke hana man saurin lalacewa. Wanda ya lalace warinsa dabam ne, kamar tsohuwar gujiya da ta daɗe a buhu, ko kamar ɗaki mai laima.

Masu gwajin mai na sana'a suna zuba shi cikin ƙananan kofuna masu launin shuɗi, don kada launi ya ruɗe su. Kore ko ruwan zinariya ba shi ke nuna kyau ba. Bayan hanci da harshe akwai awon ɗakin bincike, wanda suke kira tsamin mai. Harshe ba ya jin wannan tsami, awo ne na yadda man ya fara rushewa. Mai daraja ta ɗaya bai wuce giram 0.8 cikin giram 100 ba, shi ne ake rubuta wa vierge extra a jikin kwalba. Na biyu bai wuce giram 2 ba. Wanda ya lalace ƙwarai sunansa man fitila, ba a cinsa sai an tace shi a wata masana'anta. Hukumar zaitun ta duniya, wadda aka kafa a Madrid a 1959, ita ke tsara waɗannan ma'aunai.

Ga wani abu da ya shafi aljihunka kai tsaye. Tunkuzar da ta rage ana kai ta wata masana'anta a zuƙe sauran man da ke ciki da magani, a tace shi, a gauraya da ɗan mai kyau. Ana cinsa, amma shi ne mafi ƙasƙanci kuma mafi araha, a jikin kwalbarsa akwai kalmar grignons. Mu a nan muna sayen man zaitun da tsada, cikin ƙananan kwalabe, muna sha, muna shafa wa jarirai, muna girmama shi saboda an ambaci iccensa cikin Alƙur'ani. Mutum nawa ne cikinmu ke juya kwalbar ya karanta wane iri ya saya? Yaron da ya tsaya a matatsa sau ɗaya zai karanta wa gidanku har abada.

Abin da mai yi muku jagora ba zai fara faɗa ba

Ban ce ka je ka yi ta tafi ba. Wasu matatsu sun shirya karɓar baƙi, da kanti a bakin ƙofa, kuma abin da ke da kyau shi za a nuna maka. Ka yi tambaya cikin ladabi.

Ka tambayi inda baƙin ruwa ke zuwa. Ruwan da ke fita daga ɗiyan zaitun baƙi ne, mai wari, mai tsami. In aka zuba shi cikin kwari ko kusa da rijiya yana ɓata ruwa, in ya yi yawa a gona yana ƙone shuka. Ana tara shi cikin manyan ramuka ya bushe, ko a watsa shi a gonaki da awo. Ba kowa ke bin doka ba, kuma wannan matsala ce da ƙasashen zaitun ke fama da ita.

Ka tambayi su wa suka tsinko. Mafi yawan masu tsinka mata ne na karkara, ƴan aikin yini, da ake ɗebowa da asuba a bayan mota cikin sanyi, ladansu kaɗan. Uwargida ta tambaya, ita za a fi faɗa wa gaskiya.

Ka tambayi inda man tankunan nan ke tafiya. Amsar za ta ba ka mamaki. Wajen kashi takwas ko tara cikin goma na man da Tunusiya ke fitarwa yana tafiya ne a zube, cikin tankuna, yawancinsa zuwa Sifaniya da Italiya. Tarayyar Turai tana karɓar tan 56,700 a shekara ba tare da kuɗin kwastan ba. A can ake gauraya shi, a ɗura a kwalba, a manna sunan wani kamfani, a sayar da riba mai kauri. Manomin Sfaks ya yi renon icce, wani ya ci kuɗin kwalba. Hukumar mai ta ƙasar, wadda aka kafa a 1962, ita kaɗai ke fitar da shi waje har 1994, sannan aka buɗe wa ƴan kasuwa. Tun wancan zamani tsarin shi ne a sayar da man zaitun waje, a shigo da man waken suya da irinsa mai araha, gwamnati ta rage wa talaka kuɗinsa. Da fari ya kama Sifaniya a 2022 da 2023, amfaninta ya faɗi ƙasa da rabi, farashi ya hau a duniya duka, har mutanen Tunusiya da yawa suka kasa sayen man ƙasarsu. A ƙarshen 2023 sai da gwamnati ta fitar da wani kaso a dinari 15 lita domin ƴan ƙasa.

Sannan iccen kansa ba shi da alkawari. Shekara guda ya cika, ta biye ya huta. A kakar 2013 zuwa 2014 Tunusiya ta tatsi wajen tan 70,000, a kakar da ta biyo wajen tan 340,000. Manomin can ma yana kwana da lissafi, kamar kai.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Wani zai ce: mu da ba mu da zaitun, me ya kai mu kallon matatsarsa? Wannan tambaya tana da amsa a tarihinmu. A shekarun 1960 gujiya ce kan gaba cikin abin da Nijar ke fitarwa waje. An kafa SONARA a 1962 domin cinikinta, akwai masana'antun mai a Maraɗi da Matamai da Magarya. Sai farin 1973, sai cutar kuturtar gujiya ta 1975, noman ya durƙushe. Yau tukunyar gidaje da yawa man waje take ci, man gujiya kuwa yana hannun mata, su soya, su kai inji, su tuƙa, su matse, su yi ƙuli-ƙuli. Aikin da injin Sfaks ke yi, shi ne aikin da uwargida ke yi da muciya. Domin haka na ce kada ka tafi kai kaɗai ka dawo kana ba da labari. Ita ce mai sana'ar. Abin da idonka zai tsallake, nata zai tsaya a kai.

Kuma darasin buhun nan mai ɗumi namu ne ɗungum. Gujiyar da aka bari a ƙasa mai laima, ko aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba, tana yin funfuna. Funfunar tana haifar da wata guba da ake kira aflatoksin, mai cutar da hanta, wadda suya ba ta kashewa, kuma tana bin ƙuli-ƙuli har bakin yara. Ita ce kuma ke sa a ƙi karɓar gujiya a kasuwannin waje. Zaitun da gujiya ba dangi ba ne, amma hukuncinsu ɗaya: kyan mai ana yanke shi ne tsakanin gona da inji, a hannun mai kaya.

Wani kuma zai ce: yara hutu suka zo, ba makaranta ba. Gaskiya ne, ka kai su teku, su yi wasa. Amma ziyarar matatsa awa ɗaya ce ko biyu, kuma sau da yawa ba a biyan komai sai abin da ka saya. Yaranmu na birni suna tasowa suna zaton mai daga kanti yake fitowa. Ɗan ma'aikaci da ke Yamai, wanda kakansa ke noma a Tasawa, yana jin kunyar ya ce shi jikan manomi ne. Ka kai shi inda zai ga manomi tsaye da takardar awo a hannu, yana gardama da mai inji a kan lita nawa kayansa suka bayar, baƙi daga ƙasashe suna ɗaukar hoton aikinsa. Gani ya kori ji.

Na uku zai ce: wannan maganar masu kuɗin jirgi ce. Haka ne, tafiyar ba ta kowa ba ce. Shi ya sa wanda ya samu zuwa bashi ne a kansa. In ya dawo, kada labarin ya tsaya a falonsa. Ya kai shi taron koperatif, ya kai shi ƙungiyar mata masu tatsar mai ta unguwarsu.

Abin da za ka ɗauko da abin da za ka bari

Ka ɗauko mai, daga matatsar da ka gani da idonka, cikin gwangwani ko baƙar kwalba, mai ɗauke da shekarar kaka. Ka naɗe shi da kyau cikin babban akwati, domin ba a barin shiga jirgi da ruwa mai yawa a hannu. In kun iso gida, a aje shi nesa da murhu da taga, a cinye shi cikin shekara. Man zaitun ba ya ƙara kyau da tsufa.

Kada ka ɗauko dashe. Na ɗaya, shigo da icce ba tare da takardar ma'aikatar kare tsirrai ba hanya ce ta shigo da cuta. A 2013 aka gano wata ƙwayar cuta a gonakin zaitun na kudancin Italiya, ta kashe itatuwa miliyoyi. Na biyu, zaitun yana bukatar sanyi mai tsawo kafin ya yi fure sosai, kuma ruwan da ya saba da shi na lokacin sanyi ne. A kudancin ƙasarmu zai iya yin ganye ya ba ka inuwa, amma kada ka sa ran jarka. Muna da ɗan'uwansa na daji a kan duwatsun Ayar, wajen Bagzan, tsofaffin itatuwa da suka rage tun zamanin da Sahara ke da ruwa. Ɗiyansu ƙanana ne, ba su da man kirki. Waɗannan abin kiyayewa ne, kada a sare su. Abin tatsa kuwa muna da shi: gujiya, riɗi, har ƙwallon aduwa.

Abin da ya fi mai daraja cikin tsarabarka shi ne ɗabi'ar da ka gani. A auna kaya a gaban mai shi, a rubuta. A ware na ƙasa daga na sama, ruɓaɓɓe daga lafiyayye. Kada kaya su kwana a buhu da laima. A wanke inji da mazubi. A rufe mai daga rana, a daina jera kwalabe a bakin hanya tsakar rana tana dafa su. A rubuta a jikin kwalba sunan ƙungiyar da ta tatsa da watan da aka tatsa, don kada wani ya ci kuɗin kwalbarmu kamar yadda ake ci wa manomin Sfaks. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin waje.

Kuma a buɗe ƙofa. Mai matatsar da ya yarda baƙo da yaransa su bi aikinsa daga sikeli har tanki, ya san dole ya share daɓensa. Ku ƙungiyoyin mata masu inji a Maraɗi da Damagaram da Dosso, ku gayyaci ƴan lakwal na garinku su zo su ga yadda gujiya ke zama mai. Ku malamai, ku nemi izini ku kai su. Kai mai gida, in jirgi bai samu ba bana, ranar kasuwa mai zuwa ka kama hannun ɗanka ka kai shi wurin injin unguwarku, ku tsaya har a gama niƙa tiya ɗaya, ka bar shi ya yi tambaya.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Allah ya sa albarka cikin abin da muka aje a rumbu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.